Ranar da Uwaisu Ya Wuce Baffa

"Indo, tattara goron nan da turmin zanen a mayar wa mutanen Takur. Yau nake so, ba gobe ba."

Baffa Ashafa ne ya faɗi haka tun ƙafarsa ɗaya tana zaure. Luba na durƙushe a tsakar gida tana tsince dabinon da aka shanya a tabarma, sai hannunta ya tsaya cak. Goron da ake magana a kai na neman aurenta ne, wanda aka kawo daga gidan Alaramma Isah na Takur a madadin ɗansa Malam Uwaisu.

Gwaggo Indo, ƙanwar Baffa, ta fito daga madafi da muciya a hannu. Ni dai da nake ba ku labari, ban ga alamar baƙin ciki a fuskarta ba.

"Yaya, lafiya? Me ya yi zafi haka?"

"Yaron nan ya ci min mutunci. Ina zaune a gindin dabinon bakin hanya tare da baƙi, har da Aji Mammadu na Haɗeja. Muka hango shi tafe, muka yi shiru muna jiran gaisuwa. Indo, da na miƙa hannu sai na taɓa rigarsa. Bai cire takalmi ba, bai durƙusa ba, ko sallama bai yi ba. Ya wuce yana ta motsa baki, wai shi mai tilawa."

"Ai kaɗan ka gani," in ji Gwaggo. "Ni ma ran nan a hanyar rijiya haka ya shige ni kamar kututture. Na yi shiru ne kada a ce na tsane shi. Tun ba a ba shi ba ke nan, ina ga an ɗaura?"

Luba ta matso ta durƙusa a gaban Baffa.

"Baffa, don Allah a bincika. Wallahi ba halinsa ba ne."

"Da idona na gani, Lubabatu. Wa zan aika ya bincika min abin da na gani da idona? Na gama magana."

Ya shige turakarsa ya saki asabari.

Bari in gaya muku ko wace ce Luba. Marainiya ce, Baffa ne ya riƙe ta tun mahaifinta, wanda yake ƙaninsa, ya rasu. Ta yi aurenta na fari a Ringim a shekarun da jirgin ƙasa ya fara isowa garin. Zazzaɓi ya ɗauke mijin, ta gama takaba ta dawo Yalwawa ba ɗa ba jika. Bazawara ce, ba mai yi mata dole, amma kuma ba za ta yi aure ba da yawun Baffa ba, kowa ya san wannan.

Manema biyu suka tsaya da gaske. Aji Mammadu fatake ne na bandar kifi, mutum mai fara'a da sakin hannu, kuma tun da ya fara zuwa miyar Gwaggo ba ta sake kwana lami ba. Shi kuwa Malam Uwaisu ba shi da komai sai allo da tawada da sanyin hali. Luba ta zaɓe shi, ta kuma faɗa a fili. Ga shi yanzu gaisuwa ɗaya ta rushe komai.

Ranar ko tuwo ba ta iya ci ba.

* * *

Washegari da hantsi Baffa ya tafi garka, Gwaggo ta tafi gidan suna. Luba na sharar zaure, ta kai lungun da ke hagu da ƙofa, sai ta ji sallama. Muryar Uwaisu ce.

Haushi ya hana ta amsawa da ƙarfi. A zuci ta amsa, ta miƙe tsaye da tsintsiya a hannu tana jira ya juyo su haɗa ido, ta sauke masa abin da ke cikinta.

Bai juyo ba.

Ya cire takalmi, ya zauna a bakin tabarma, ya kafa wa ƙofar cikin gida ido yana jiran wani ya fito. Zauren da haske, ƙofofinsa biyu a buɗe. Tsakaninta da shi bai fi a miƙa hannu ba.

Da farko ta ɗauka shariya ce. Ta ɗaga tsintsiyar a hankali, bai motsa ba. Ta kama gefen jan mayafinta ta kaɗa shi daidai kafaɗarsa ta hagu. Ko ƙiftawa bai yi ba. Sai ma ya sake ɗaga murya ya ce, "Salamu alaikum, masu gida."

Tsintsiyar ta suɓuce daga hannunta.

Ya zabura, ya juyo da kansa gaba ɗaya har da kafaɗa, sannan ya gan ta.

"Luba! Yaushe kika shigo?"

"Ban shigo ba, Malam. A nan ka same ni."

Ta zube a ƙasa nesa da shi kaɗan, hawaye na bin kumatunta.

"Ba ka ga Baffa ba jiya, ko? Ba ƙin gaishe shi ka yi ba. Ba ka gan shi ba."

Ya sunkuyar da kai.

"Sai da aka mayar da goro na ji wai na wuce shi. Wallahi, Luba, da na san yana wurin da rarrafe zan zo."

"Tun yaushe?"

"Ya kwana biyu. Ta gefen hagu ya fara. Ba ciwo, ba ja, ba ƙaiƙayi, ba komai. Abin da ke gabana ina ganinsa tar, ina karatu, ina rubutu. Amma gefe da gefe sai ƙara tsukewa yake, kamar mai leƙe ta ramin ƙyaure. Yanzu na dama ma ya fara."

"Shi ne ka ɓoye min?"

"Me zan ce miki? Haka Alaramma ya fara, haka kakana ya fara. A gidanmu ba a kiransa ciwo. Cewa ake yi karatu ya gama komawa ƙirji, sai ido ya huta. Mutane har albarka suke zuwa nema. Na ɗauka sai na manyanta zai zo min, kamar yadda ya yi musu. Ban san zai yi min sammako ba."

Ta share ido da mayafi.

"To zauna mu jira Baffa, ka faɗa masa. Ai shi ke nan an wanke ka."

Ya yi wata 'yar dariya mara daɗi.

"An wanke ni a kai ni ina? Yau ni mai girman kai ne, gobe ni makaho ne. Wanne kike ganin Baffa zai ba wa 'yarsa? Ki bar shi a yadda yake, Luba. Gara a ce ba ni da kunya da a riƙa nuna ni ana Allah sarki. Aji Mammadu mutumin kirki ne, ba zan yi masa ƙarya ba. Kin sha wahala sau ɗaya, ba zan so ki ƙare kina jan sanda ba."

"Wa ya ba ka aikin zaɓa min miji?"

"Luba..."

"A'a, tsaya in gama. Na zauna da miji mai ido biyu garau, zazzaɓin 'yan kwanaki ya raba mu. Wa ya ba ni tabbacin wani? Kuma wa ya ce maka ba magani? A Ringim muna da maƙwabci, Ɗan'inna maɗinki. Haka ya riƙa karo da mutane a kasuwa ana zaginsa. Ɗansa ma'aikacin reluwe ne, ya sa shi a jirgi ya kai shi wurin likita a Kano. Aka ba shi wani ruwa a kwalba yana ɗigawa. Har na baro garin da kansa yake saka zare a allura."

"Ni ɗan Alaramma Isah in kai wa Nasara idona? Da wane baki zan faɗa a gida?"

"Da bakin da ka ce kana sona."

Idonsa ya ciko, ya miƙe yana laluben takalminsa da ƙafa.

"Ki yi min alkawari ɗaya. Kada ki faɗa wa kowa."

Ta dube shi, tana jin tausayinsa har cikin ƙashinta.

"Ka yafe min, Malam. Wannan alkawarin ba zan ɗauka ba."

* * *

Bayan la'asar ta sami Baffa yana gyaran igiyar hawan dabino. Ta durƙusa ta zayyana masa komai, tun daga tsintsiya har zuwa mayafi. Gwaggo na gefe tana tankaɗe, kunnenta kuwa yana wurinsu.

"Tabɗi!" in ji Gwaggo, ta dire rariya. "Wato gyara kika zo yi ke nan? Da mai girman kai ne ai da sauƙi, aure na iya sauke shi. Makanta fa? Ke Luba, wace irin ƙaddara kike nema wa kanki da kuɗinki? In ma yanar ido ce, a kira mai allurar nan da ke cire yana ya kawar masa."

"Ba yana ba ce, Gwaggo. Idonsa fari tas, baƙin ma garau. In kin kalle shi ba za ki ce da komai ba."

"To ai shi ne mugun. Abin da ba a gani da me za a yaƙe shi?"

Baffa ya ajiye igiyar, ya zauna yana kallon ƙasa. Mutum ne mai saurin fushi, amma yana da wani hali guda da nake yaba masa: ba ya iya barci da haƙƙin wani a kansa.

"Na zage shi a gaban baƙi," ya ce a hankali. "Na ce ba a yi masa tarbiyya ba. Ɗan Alaramma guda."

"Yaya, ai ba laifinka ba ne. Kuma dai maganar aure ta mutu, ko ta nan ko ta can."

"Miƙo min rawanina."

"Ina za ka?"

"Takur."

Ya tarar da Alaramma Isah a zaurensa bisa buzu, carbi a hannu, idanunsa a buɗe amma ba sa ganin komai. Uwaisu na gefe yana wanke alluna. Da ya ga wanda ya shigo sai ya watsar da abin da ke hannunsa ya zube har ƙasa.

Bayan an gaisa, Baffa ya ce, "Allah gafarta Malam, na zo neman afuwa ne, na kuma zo da roƙo. Na yi wa yaron nan mummunan zato, alhali lalura ce a idonsa. Ina da kayan dabino da zan kai Kano ta jirgin Ringim. Ka ba ni shi mu tafi tare likita ya duba shi. Ina so in ji da kunnena."

Alaramma ya juya fuska inda yake jin numfashin ɗansa.

"Uwaisu, gaskiya ne? Ya fara?"

"Ya fara, Baba." Uwaisu ya sunkuyar da kai. "Amma na ce ba zan je ba. Abin da ku kuka karɓa da hannu biyu, ni wane ne da zan kai shi wurin Nasara?"

Tsohon ya ajiye carbin.

"Wa ya ce maka da hannu biyu na karɓa? Haƙuri na yi, don ban sami yadda zan yi ba. Mutane suka ce daraja ce, na bar su, don ya fi daɗin ji. Kai kana goye na daina ganin fuska. Ban san kamanninka ba, Uwaisu. Hannuna ya san ka, kunnena ya san ka, amma in ana cewa ka yi kama da mahaifiyarka sai dai in ce to. Kullum sai na yi kewar abin nan, ban taɓa faɗa wa kowa ba."

Uwaisu ya kifa kai a gwiwar mahaifinsa yana kuka kamar ƙaramin yaro. Baffa ma ya juya yana gyara rawanin da ba abin da ya same shi.

"Wanda ya saukar da cuta shi ya saukar da magani," in ji Alaramma, "kuma bai yi shawara da mu a kan hannun da zai ba wa ba. Tashi ka haɗa kayanka."

A bakin ƙofa Baffa ya tsaya ya dubi Uwaisu.

"Kada ka ɗauka na mayar da maganar aure. Sai na ji abin da likita zai ce."

* * *

Suka ɗora kaya a jakuna suka nufi Ringim, gida ya rage daga Luba sai Gwaggo.

Kwanakin nan Luba ta rame a tsaye. Ko akuya ce ta taɓa ƙyauren zaure sai ta leƙa. Aji Mammadu ya aiko da kwandon kifi, Gwaggo ta yi miya ta zuba mata har da kai, tana cewa, "Ci ki ji abin da kike shirin yi wa kanki asara." Luba ta ci tuwonta gaya. Daga baya Gwaggon da kanta ta fara leƙen hanya, wai ita Yayanta take jira.

Ran da suka dawo, da rana tsaka Baffa ya shigo shi kaɗai, ya yi baƙi ya yi futu-futu. Ya sha ruwa, ya yi salla, ya ci abinci a nitse kamar ba wanda ke jiransa. Sai da ya wanke hannu ya ce a kira Lubabatu, alhali tana tsaye a bayansa tun shigowarsa.

"Zauna. Indo, ke ma zauna, don kada gobe ki ce ba ki ji ba."

Suka zauna.

"Mun ga likitan. Ya rufe masa ido ya danna da yatsu, ya haska wata 'yar fitila ya leƙa ciki, ya sa shi ya kalli hancinsa yana kaɗa masa hannu ta gefe. Tafinta ya yi mana bayani. Ya ce a cikin idon kowa akwai wani ruwa da ke shiga yana fita. Nasa hanyar fitar ce ta toshe, ruwan ya taru ya yi nauyi, yana danne jijiyar gani tana mutuwa kaɗan kaɗan, daga gefe zuwa tsakiya."

Wannan shi ne ciwon da a yau ake kira hawan jinin ido. A wancan zamanin ko suna ba shi da shi a Yalwawa.

"Ba karatu ne ya jawo ba," Baffa ya ci gaba, "ba kuma hayaƙin wutar makaranta ba. Gado ne, yana bin jini. Ya ce duk 'yan'uwansa, maza da mata, su je a duba su ko ba sa jin komai, don shi wannan ba ya sallama, sai ya ci rabi ake farga. Ya ce da mun kai shi wurin mai allura da an ƙarasa idon."

Gwaggo ta kawar da kai.

"Baffa, zai warke?" Luba ta tambaya da ƙyar.

"Abin da ya tafi ya tafi, ba ya dawowa. Na hagun saura kaɗan. Na daman da sauransa sosai, likita ya ce mun zo da sauran dama. Akwai magani da za a riƙa ɗiga masa safe da yamma, ba fashi, har iyakar rayuwarsa. In ya ƙare a koma a karɓo, a kuma sake duba shi. In maganin ya gaza, akwai aikin da suke yi. Na ce masa ya ba ni tabbaci yaron ba zai makance ba. Ya ce shi ba ya ba da tabbaci, amma waɗanda suka riƙe magani da yawa sun tsufa da ganinsu."

Ya gyara zama ya dube ta sosai.

"Saboda haka ki buɗe kunne, Lubabatu. Yana iya tsufa yana ganinki, yana kuma iya wayar gari wata rana ba ya gani. 'Ya'yan da za ku haifa ma sai an riƙa kai su ana dubawa. Ga Aji Mammadu can, lafiyarsa ƙalau, da rufin asirinsa. Ba zan ji haushinki ba ko wanne kika ce."

"Yaya, ka ba ta kwana biyu ta yi tunani mana," in ji Gwaggo, amma muryarta ba ƙarfi kamar da.

"Na gama tunanina tun kuna hanya, Baffa," in ji Luba, kanta a ƙasa. "In ya gani, mu gani tare. In bai gani ba, ni ina gani. Shi nake so."

Baffa ya sa hannu a aljihu ya fito da wata 'yar kwalba mai ruwan ƙasa, an naɗe ta da tsumma, da ɗan tsinken gilashi na ɗigawa. Ya ajiye a tabarma tsakaninsu.

"Yaron nan malami ne, amma wajen ɗiga magani ba shi da kai ko kaɗan. In ya ɗaga hannu sai ya runtse ido, maganin ya bi kumatu. Tun daga Kano ni nake ɗiga masa, ni da gemuna, a tasha, a jirgi, a kan hanya mutane na kallo. Yau da safe ma sai da na danne masa goshi."

Dariya ta kuɓuce wa Gwaggo, ta toshe baki da zane.

"To ni ba zan iya zaryar Takur safe da yamma ba, ina da garka. Ke kuma ba halin ki taɓa masa fuska ba a ɗaura ba." Ya tura kwalbar gabanta da yatsa. "Indo, a aika wa Aji Mammadu da ban haƙuri, cikin mutunci. A kuma gaya wa mutanen Takur su dawo da goronsu, Juma'ar nan za a ɗaura."

Luba ta kai hannu za ta ɗauka, hannun na rawa, hawaye na zuba, ga kuma murmushi ya ƙi ɓoyuwa.

"A'a, ba da wannan hannun ba," in ji Baffa. "Je ki wanke fuska ki nutsu, ki zo ki gwada a idona da ruwan randa. In kika zubar masa da magani a kumatu, ni da ke ne."